Wane dattijo ne binciken yake nufi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ni direba ne a wani kamfanin rarraba kayan abinci a Jidda, shekarata 23 a ƙasar nan. Shirinku na lafiya na makon jiya a cikin mota na saurare shi, ina layin sauke kaya a bakin sito. Likitan da kuka gayyato ya ce bincike ya nuna wanda ya jinkirta ritaya ya fi tsawon rai, don haka kada dattawa su yi gaggawar ajiye aiki. Tun ranar maganar take tsaye mini a rai.

Ban ce ya faɗi ƙarya ba. Na sa babban ɗana ya nemo mini tushen zancen, kuma ya samo. A 2016 masana a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka sun duba bayanan da Jami'ar Michigan take tattarawa tun 1992 a kan Amurkawa 'yan sama da shekara 50. Sun ga cewa a cikin masu ƙoshin lafiya, wanda ya ƙara shekara ɗaya yana aiki, haɗarin mutuwarsa ya ragu da kashi 11 cikin 100. To, amma aikin ne ya tsare musu lafiya, ko lafiyar ce ta bar su suka ci gaba da aikin? Kuma su waye waɗannan mutanen? Galibinsu suna da fansho yana jiransu, ranar da suka ga dama za su miƙa makulli su koma gida.

Akwai wani binciken da likitan bai taɓo ba. A 2009 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon bin diddigin ma'aikatan kamfanin wuta da gas na Faransa, sama da mutum 14,000. Da suka ajiye aiki, da yawansu sun ce jikinsu ya yi sauƙi kamar an rage musu shekara 8 zuwa 10, kuma waɗanda suka fi jin wannan sauƙin su ne masu aikin wahala da ƙananan ma'aikata. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Ƙwadago ma sun fitar da nasu a 2021: mai aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa masa da kashi 35. Sun ƙiyasta cewa doguwar awa ta yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 kaɗai, akasarinsu 'yan shekara 60 zuwa 79. Dokar ƙwadago a nan awa 48 ta ce a mako. Ni dai na daina ƙirga tawa.

Bari in ba ka labarin wani dattijo da muke kira Kawu, mutumin ƙasar Maraɗi, ɗan dako a sitonmu. Ya haura 60. Duk lokacin da sabunta iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ya matso, sai ka ga gemunsa ya koma baƙi wuluk, ya rina shi da daddare don kada manaja ya ga furfura ya fara tunanin kawo saurayi. Ƙwayoyin ciwon suga a cikin gwangwanin alewa yake ajiye su, sai ya juya baya yake haɗiyewa. A masallaci a kan kujera yake salla saboda gwiwa, amma da an idar zai koma ya ɗora katan ɗin man girki a kafaɗa. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, wannan gaskiya ne kuma mun gode, sai dai cikin sito mai rufin kwano ba a ƙirga shi a matsayin rana, alhali in ka shiga kamar ka leƙa tanda. Na taɓa ce masa, "Kawu, ba za ka huta haka nan ba?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in huta a ina?"

Tambayarsa ita ce tawa. A watan Yulin 2024 gwamnatin Saudiyya ta sauya dokar fansho. A da shekara 60 ne bisa lissafin Hijira, wato kusan 58 a lissafin Miladiyya, tunda shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11. Yanzu sababbin shiga aiki sai sun kai 65, wasu daga cikin waɗanda suka riga suka fara aiki kuma ana ɗaga musu a hankali. Abokan aikinmu 'yan ƙasa sun yi ta muhawara a kai, mu muna gefe muna shan shayi, domin tun 1987 aka cire baƙi daga tsarin fanshon. Abin da hukumar inshora take ɗaukar mana nauyinsa kawai shi ne rauni a wurin aiki. Iƙamarmu kuma a ɗaure take da aikin. Ranar da kafili, wato mai gidan da ya tsaya maka, ya ce ya isa, ba ritaya sunanta ba, bizar fita ce ta dindindin, ka tattara shekara 30 a cikin akwati biyu ka koma garin da rabin sa'o'inka sun riga mu gidan gaskiya. Ban ma shiga zancen 'yan uwanmu na Shara Mansur a Makka da na nan Jidda ba, tsofaffin da ba su da takarda ko ɗaya, ga iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin titi. Su da wuya ka ga mai bincike ya ƙirga su a cikin ma'aikata.

Na san akwai gaskiya a cewa zaman banza yana karya tsoho. Mahaifina da ya daina zuwa kasuwa bai yi shekara biyu ba ya fara mantuwa. Amma shi rumfarsa ce, yana zaune ana kawo masa ciniki yana hira da mutane. Wannan daban, ɗaukar buhu a shekara 64 don tsoron kora daban.

Don haka roƙona, Malam Edita, in za ku sake shiri a kan dattawa da aiki, ku haɗa likitan da wanda ya san dokar ƙwadago, ya yi wa mutanenmu bayanin haƙƙin ƙarshen aiki. Da yawa ba su san lissafinsa ba. Rabin albashin wata ne ga kowace shekara a shekaru 5 na farko, sannan cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan nan, a kan albashin ƙarshe. Mai ɗaukar riyal 2,000 da ya yi shekara 20, riyal 35,000 ke nan. In shi ya ajiye aikin da kansa kafin cika shekara 10, ba zai samu duka ba. Kuma in ya bari wata 12 suka wuce bayan barin aiki bai kai ƙara ba, da wuya kotun ƙwadago ta saurare shi. Direbobin gida da masu aikace-aikacen gida dokarsu daban ce, abin da suke samu ma bai kai haka ba, su ma a yi musu nasu bayanin.

Shekaranjiya bayan isha'i na zauna da Kawu da biro da bayan katan muna buga nasa lissafin. Da ya ga jimillar ya yi shiru, sannan ya ce zai isa ya rufa ɗaki biyu a gida ya sayi awaki. Matsalar ita ce an sauya masa kafili sau biyu, kuma kwantiragin farko bai san inda yake ba. Ya ce in tambaye ku ko shekarun baya suna shiga lissafi.

Naku,
Wani mai sauraro,
Jidda, Saudiyya.