Ƙanwata ta daina addu'a tun rasuwar mijinta

Baba Fasto, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Damuwar ƙanwata ce ta sa na rubuto muku. Mijinta ya rasu kwanan nan, kuma tun ranar jana'iza ba ta ƙara buɗe Littafi Mai Tsarki ba. In na ce mu yi addu'a sai ta juya min baya. Barci ya ƙaurace mata, abinci ma sai an yi da gaske take ci.

Ba rasuwar kaɗai ba ce, Baba. Akwai wani mai kiran kansa annabi da ya shige musu gida tun ciwon mijin bai yi tsanani ba. Shi ya ce a ajiye magani, a yi azumin kwana 3 ba ci ba sha, a kawo baiko, wai mai bangaskiya ba ya neman likita. Mai ciwon sukari fa! Duk wanda ya san cutar nan ya san in aka bar allurar insulin sukari hawa yake, yawan fitsari ya ƙarar da ruwan jiki, har mutum ya suma. Na faɗa, na nanata, aka ce ni ce mai ƙarancin bangaskiya. Yanzu da aka binne shi, mutumin nan, ko kunya babu, ya ce mata shakkar zuciyarta ce ta hana warkarwa. Wannan maganar ce ke cinta.

Ina ya samo wannan koyarwa? A Yohanna 9 almajirai sun tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutum makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi (2 Korintiyawa 12:7-9). Shin Bulus ma bangaskiya ya rasa? Luka kansa likita ne. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 shiru, a nan suka kyauta. Da suka fara laluben laifinsa, Allah ya tsauta musu a sura 42.

Ba zaune nake ba. Na hana masu zuwa ta'aziyya karanta mata Romawa 8:28, ayar da ta ce Allah na sa kome ya zama alheri ga masu ƙaunarsa, domin wadda ciwonta ke ɗanye ji take kamar ana cewa mutuwar alheri ce. Zabura 13 da 88 nake karanta mata da safe, aya biyu ko uku, don ta ji cewa kuka gaban Allah ba saɓo ba ne. Addu'ata gajera ce, ba na tilasta ta ce amin. Matan zumunta sun raba kwanaki don kada ta kwana ita kaɗai. Na manta ban faɗa ba, akwai yara, babban ya fara tambaya ko Allah fushi yake da su.

Wasu dattawan ikilisiya sun ce in bar zancen mutumin, in gafarta. Gafara na sani, amma har yau yana shiga gidajen marasa lafiya. In yi shiru ke nan? Matiyu 18:15-17 ya ce a fara samun mutum a kaɗaice, to shi ba ɗan ikilisiyarmu ba ne, wa zan kai wa ƙara?

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ta ce gara ta bi mijinta. Ina so in kai ta wurin likita, ina kuma fargabar ta ɗauka ni ma na yanke mata hukunci. Ta yaya zan nuna mata cewa Allahn da ta roƙa bai yashe ta ba, alhali abin da ta roƙa ba a ba ta ba? Ku taimake ni da abin da zan fara yi.

Taku cikin Almasihu,
Wata 'yar'uwa