A riƙa faɗa wa dattawanmu zaɓin da suke da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili kan maganar da mazan Kebbi ke jin nauyin yi: cire 'ya'yan maraina saboda sankarar furostet, ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

A 1941 likita Charles Huggins ya nuna a Amurka cewa sinadarin namiji, testosteron, shi ke ciyar da wannan sankara, kuma galibinsa daga maraina yake fitowa. Da an cire su sai cutar ta lafa. Binciken ya kai shi ga lambar Nobel a 1966. Tun shekarun 1980 da aka samo allurai irin su Zoladex masu tsayar da sinadarin, tiyatar ta yi ta raguwa a ƙasashe masu kuɗi.

To amma allurar duk wata ake yin ta, ko duk wata 3, kuma da tsada. Manomi daga Zuru ko Yauri zai sayar da buhun shinkafa ya yi ta sau biyu, kuɗi su ƙare, cutar ta dawo da ƙarfinta. Tiyata kuwa sau ɗaya ce, ƙaramin aiki. Kowacce aka bi tana rage sha'awa da ƙarfin ƙashi, kuma danne cutar suke yi, ba warkarwa ba.

Roƙona ga likitocinmu: su zauna da baba da iyalinsa su bayyana duka biyun da Hausa, har da lissafin kuɗin shekara.

Mai karatunku,
daga Argungu, Jihar Kebbi