Tarihin gidanmu yana hannuna, amma akwai abin da na kasa saki a zauren dangi

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron damuwar mutane a wannan fili. Roƙona na farko ki sakaya sunana, don dangina da yawa ba sa bari shirinki ya wuce su, kuma da sun ji sunan za su gane gidan da ake magana a kai.

Ni mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, kuma ni ce admin ta zauren WhatsApp na zuriyar kakanmu na wajen uba. Marigayin ya bar 'ya'ya daga ɗaki uku, yanzu jikoki da tattaɓa-kunne sun watsu ko'ina, wasu ma a ƙasashen da in muna shirin kwanciya su lokacin suke tashi. Sa'ad da WhatsApp bai yarda zaure ya wuce mutum 256 ba, gida biyu muka rabu. Da aka ɗaga adadin zuwa 1,024 a 2022 sai muka haɗe wuri guda, har da surukai.

Zauren ya yi mana rana. Haihuwa, rasuwa, rashin lafiya, kafin a ce kwabo kowa ya ji. Yana kuma da nasa ciwon kai, irin wanda duk mai zauren dangi ya sani: gaisuwar safiya mai furanni, maganin da wai yake warkar da kowace cuta, musun siyasa tsakanin baffanni, da mai fushi ya fice sai an bi shi da ban-haƙuri. Duk na saba da waɗannan, ba su ne suka sa na rubuto miki ba.

Bayan rasuwar mahaifina na lura cewa cikin 'ya'yan Kaka da suka zauna da shi da wayonsu, saura Gwaggo kaɗai. Sai na fara zuwa wurinta ina ajiye waya a gefenta, tana ba da labari ina naɗa. Idonta ya yi rauni, don haka in na miƙa mata tsohon hoto sai ta kai shi dab da hancinta, ta bi fuskokin da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunaye: wannan wane ne, wannan ta rasu wajen haihuwa, wannan maƙwabci ne ya kutso cikin hoton. Akwai wanda gara ta cinye kusurwarsa, ta tafi da rabin fuskar wani yaro, amma Gwaggo ta gane shi da kunnensa. Nakan yanko ɗan yanki na muryarta in saka a zaure. Anti, mutanen da tun da aka sa su ba su taɓa cewa uffan ba sai ga su suna tambaya, suna tono hotuna daga ƙasan akwati. Na roƙe su su riƙa turowa a matsayin fayil, don in an turo hoto kai tsaye manhajar takan matse shi ya rage kyau, su kuma ɗauko bayan hoton, saboda sau da yawa a can ake samun suna ko shekara da wani ya rubuta da biro. Daga nan na fara zana jadawalin nasaba, kowane ɗaki da reshensa.

Ranar da muka zo kan Baffa Babba, wanda kowa ya sani a matsayin ɗan farin Kaka, Gwaggo ta ɗan yi shiru, sannan ta ce in matso da wayar. Ta ce ba Kaka ne ya haife shi ba, agola ne. Mahaifiyarsa ta shigo gidan da shi a goye bayan mijinta na fari ya rasu, Kaka ya riƙe shi bai taɓa bambanta shi da nasa ba, har sunan gidan ya bi shi. Ta faɗi sunan mahaifinsa na asali, ta faɗi inda danginsa suke. Na tambaye ta ko in goge wannan wurin. Ta ce kada in kuskura, ai ba abin kunya ba ne tunda da aure aka haife shi, kuma in ta mutu babu sauran mai faɗa. Amma ba ta ce in yaɗa ba, ba ta kuma ce in ɓoye ba. Da na sake tayar da maganar daga baya sai ta ce ita ta sauke nata nauyin.

Baffa ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa da jikokinsa su ne reshe mafi yawa a zauren, su ne kuma suka fi kowa riƙe zumunci. In wani ya kwanta asibiti, babbar 'yarsa ce ke fara kiran mutane ɗaya-ɗaya. Iya abin da na lura, ƙananan cikinsu ba su da labari sam. Manyan kuwa, ko ba su sani ba, ko sun sani sun haɗiye.

Mutum ɗaya na faɗa wa, Yayana. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce a bar kaza cikin gashinta. A ganinsa in yanke wurin daga muryar, in rubuta Baffa a ƙarƙashin Kaka kamar sauran, a wuce wurin. Hujjarsa ba ta banza ba ce. An gama rabon gado tun kafin a haife ni, amma kin san mutane, akwai wanda zai tashi ya fara lissafin abin da ya wuce. Kuma ko ba gado, akwai gori. Ranar da musu ya yi zafi a zaure, wani mara linzami a baki zai rubuta cewa ku da ma ba 'yan gida ba ne, a gaban ɗaruruwan mutane. WhatsApp yana ba da kamar kwana biyu mutum ya janye saƙonsa daga wayar kowa, amma wanda ya riga ya tura wa wani ko ya ɗauki hoton allon wayarsa fa? Ana yawan cewa saƙonnin manhajar a kulle suke, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Wannan kullin bare yake tsare wa, ba ya hana ɗan'uwa kai magana inda ba ta dace ba.

Da iyakar abin ke nan, wataƙila da na bi ta Yaya na yi shiru. Sai dai akwai jikan Baffa da ke karatu a waje, yaron kirki, shi ne ma ya fi kowa murna da aikin tarihin. Yana so mu ɗora jadawalin a FamilySearch, shafin nasaba na kyauta wanda wata majami'a da ke Amurka take gudanarwa. Na duba yadda yake aiki: bayanan masu rai ba sa fitowa fili, amma na mamata kowa yana iya gani, kuma duk mai rajista yana iya gyarawa. Wato duk abin da na rubuta a kan Baffa, gaskiya ko akasinta, ya fita daga hannuna. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya shawo kan mahaifinsa su yi gwajin ƙwayoyin halitta, irin wanda ake tofa yawu a kwalba a aika, kuma yana roƙona ni ma in yi don a gwada. Na karanta cewa 'ya'yan wa da ƙani, in iyayen uwa ɗaya uba ɗaya ne, sukan yi tarayya a kusan kashi 12 da rabi cikin 100 na ƙwayoyin halittarsu, in kuwa uba kawai suka haɗa, kusan kashi 6. Mahaifina ɗan wani ɗakin ne daban. Ke nan inda ake sa ran ganin kashi 6 tsakanina da mahaifin yaron, ba za a ga komai ba. Kuma na'ura ba za ta gaya masa cewa an haifi kakansa da aure ba. Zai ga babu alaƙa ne kawai, zuciyarsa ta raya masa mafi munin fassara a kan baiwar Allah da ke kabarinta.

Na ja masa rai da maganar tsaro. Na tuna masa cewa a 2023 an yi wa 23andMe, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke irin wannan gwaji, kutse aka kwashi bayanan mutane kusan miliyan 6.9, sannan a 2025 kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki. Ya yarda cewa abin dubawa ne, amma ya ce akwai wasu kamfanonin. Ko na ƙi, zai samu wani cikin dangi ya yi.

Ga kuma batun ajiya, wanda na ɗauka ƙarami ne sai na ga ya ɗaure da wancan. Duk muryoyin da hotunan suna cikin wayata da asusuna na Google, wanda gigabait 15 ɗin da suke bayarwa kyauta ya kusa cika. Tun Disamba 2023 kamfanin yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, ni kuma ba ni da tabbacin gobe. Barin su a zaure ba ajiya ba ce, don wanda aka sa yau ba ya ganin abin da aka tura shekarun baya, kuma mun ga yadda aka rufe wasu dandalolin zumunta na intanet: Google+ a 2019, Yahoo Groups a 2020, Skype a 2025. Hankali ya ce in ba mutum biyu ko uku kwafi, in kuma buga a takarda. To amma duk wanda na ba cikakken kwafi na ba shi sirrin, wanda na ba yankakke kuma na ba shi tarihi mai giɓi da sunan cikakke.

Ni dai raina bai kwanta da rubuta abin da na san ba haka yake ba. Mutumin nan yana da uba, uban yana da suna da dangi, kuma ina ganin jikokinsa suna da haƙƙin sani. Ina ma ganin labarin ɗaukaka ce ga Kaka, da ya riƙe ɗan wani har duniya ta manta ba nasa ba ne. Amma na tabbata zauren da ake turo furanni da safe ba wurin wannan magana ba ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ni, 'yar ƙanin Baffa, in zama mai fasa ta ba.

Anti, ki ba ni shawara. In je in samu babbar 'yar Baffa mu biyu in kunna mata muryar, ta zaɓi abin da za a yi da tarihin mahaifinta? Ko in lallashi Gwaggo ta kira su ta faɗa da bakinta tun tana da ƙarfi, ko da yake ta nuna ba ta son komawa kan maganar? In kuma suka ce a binne, ya zan yi da jadawalin: in bar wurin yadda kowa ya san shi, in ajiye cikakkiyar muryar a gefe, ko hakan ma cin amana ne? Yaron nan kuma me zan ce masa kafin ya aika da yawun?

Ina sauraron amsarki a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Na gode.

Taki,
Wata mai sauraro