Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Yaɗa Labarai: a ceto kaset ɗin tsofaffin wasanninmu

Mai girma Minista, Alhaji Mohammed Idris,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni malamar makaranta ce a Tudun Wadan Zariya, na kusa ajiye aiki. Akwai bashin godiya da na daɗe ina ɗauke da shi game da wani tsohon wasan kwaikwayo na talabijin, kuma tunda Hukumar Talabijin ta Ƙasa, NTA, tana ƙarƙashin ma'aikatarka, gare ka zan kawo godiyar tare da roƙo.

A shekarun 1980, ina 'yar sakandare, akwatin talabijin ɗaya ne a layinmu, baƙi da fari. In an ɗauke wuta sai a jona masa batirin mota. Bayan isha'i yara su cika tabarma, iyayenmu mata su zauna daga baya da tsintar shinkafarsu. A gidanmu "wasan Malam mai ciwo" muke ce masa. Magidanci ne ya kwanta, likita ya ja babban ɗansa gefe ya gaya masa ciwon ya riga ya yi nisa, a koma da shi gida. Ɗan ya haɗiye maganar. Duk wanda ya shigo dubiya ya ce ya jiki, a ce da sauƙi. Ƙanwar Malam ta rantse sammu ne, aka yi ta yawon neman magani har gona ta tafi. Uwargida kuwa ta gane komai tun ranar da ɗan ya daina haɗa ido da ita, amma ba ta ce uffan ba, sai dai ta ƙara daɗewa a kan sallaya.

Wurin da ba na mantawa shi ne daren da Malam ya sa aka ɗauko masa littafin da yake rubuta basussuka. Ya nuna wa ɗansa ya daɗe da sanin abin da ake ɓoye masa, shirun da ya yi don tausayinsu ne, kamar yadda su ma tausayinsa ya rufe musu baki. Babu kiɗa a wurin, babu kururuwa. Uba da ɗa ne da fitilar ƙwai, suna lissafin wanda ake bi da wanda ke bi. Ranar na ga mahaifiyata tana share hawaye da bakin mayafi.

Bayan shekara ashirin da wani abu, ita ce ta kwanta da ciwon daji na mama. Mun yi ta zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, aka yi aiki, aka gasa ciwon da na'ura, ma'aikatan suka yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Da likita ya ce abin da ya rage shi ne a rage mata raɗaɗi, Yayana ya ce kada wanda ya gaya wa Hajiya. Ban yi masa gardama ba. Na ce, "Yaya, ka tuna Malam da littafin bashi?" Ya yi shiru ya daɗe. Washegari shi da kansa ya durƙusa gabanta ya faɗa mata.

Wata huɗu ta ƙara a duniya. A cikinsu ta biya 'yan adashinta, ta bar wasiyya, ta kira abokiyar zamanta suka yafi juna bayan shekaru ana gaisuwar fatar baki. Ta sa muka kai ta Ƙofar Gayan ta ga gidan da aka haife ta. Da mun ci gaba da ce mata da sauƙi, da mun ƙwace mata waɗannan watanni muna ganin alheri muke yi. Mu Hausawa mun iya jinya, mun iya zaman makoki, amma maganar da ke tsakanin biyun tana yi mana nauyi a baki. Wasan nan ya ara mana bakin da muka yi ta.

Ranka ya daɗe, talabijin ta fara a Kaduna tun 1962, zamanin Sardauna, aka kafa NTA a 1977. Wasannin shekarun 1980 a kan kaset ɗin U-matic da Betacam aka ɗauke su, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da laima: yana mannewa, yana funfuna, hoton ya zube. Na'urorin kunna su ma an daina ƙerawa. Saboda tsadar kaset, gidajen talabijin a ko'ina sun sha goge tsohon shiri su ɗora sabo, har da BBC a Ingila. Waɗanda suka san abin da ke cikin kowane kwali kuma suna ta tafiya. Kasimu Yero, ɗan garin nan namu, ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, Samanja, ya bi shi a 2023, Allah ya jiƙan su.

Aikin kuma mai yiwuwa ne. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an ɗauka ya ɓata, sai ga shi an gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Balin a 2018. Na yi murna, amma na fi son na gaba a gyara shi a gida.

Roƙona shi ne ka ba da umarni a buɗe ɗakunan ajiya na Kaduna da Kano da Jos, a ƙirga abin da ya rage, a juye shi zuwa kwamfuta tun yana juyuwa. A gayyato tsofaffin ma'aikata su zauna su tantance. Sashen wasan kwaikwayo na jami'armu a Samaru yana da ɗalibai da za su yi wannan aiki da zuciya ɗaya, kuma a ajiye kwafi a Laburaren Kashim Ibrahim da Gidan Arewa. Sannan a ware wa wasannin sa'a guda a mako, bayan isha'i kamar da.

In Allah ya sa aka samu na Malam, ina roƙon a ba asibitin Shika kwafi. Akwai benci a gaban sashen masu ciwon daji inda 'yan jinya ke wuni, na zauna a kansa wata da watanni, kuma na ga samari da yawa sun fito daga wurin likita da irin fuskar babban ɗan nan.

Allah ya taya ka riƙo.

Wassalam,
Wata malamar makaranta,
Tudun Wada, Zariya.