Zuwa ga Yaya Mamman, a Birni

Liyon, Faransa, 12 ga Disamba

Assalamu alaikum. Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya kai da iyali. Yaya jikin Inna? Yaya sanyi, yaya ƙurar hunturu? Ni lafiya lau nake, alhamdu lillahi.

Na turo yuro 250 jiya, zai kama jika 164 na sefa. Da sunanka na tura, kai za ka karɓa da kanka, kada ka aiki autanmu Sani. Jika 30 na maganin hawan jinin Inna ne, a kuma kai ta a sake auna ta, kada a tsaya sai ta ce kanta na juyawa. Jika 40 a sayi gero tun yanzu, kafin azumi ya matso hatsi ya tashi. Jika 15 na 'yan garuwa, tunda Hadiza ta ce famfonku ya koma zuwa sai tsakar dare. Jika 19 na makarantar yara. Sauran jika 60 ɗin ka riƙe, zan faɗa maka abin da nake so a yi da su.

Yanzu maganar Sani. Ya kira ni sau uku cikin sati guda, wai in taimaka masa da jika 50, shi da abokansa sun kama wuri za su yi bikin daren 31 na shiga sabuwar shekara. Ban ba shi amsa ba. Sai ga wani labari ya iso mini ta bakin wanda ba na tsammanin zai yi mini ƙarya: wai a Layyar da ta wuce Sani bai je Idi ba. Ya kwana wajen tela yana jiran shadda, ya dawo ya kwanta, bai tashi ba sai da aka gama fiɗa. Da yamma kuwa ya sha kwalliya, ya ɗauki hotuna ya zuba a Facebook, ni ma na gani har na sa masa albarka, ban san abin da ke ƙasa ba. Yaya, gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya sa kuka ɓoye mini? Ni ne na turo kuɗin shaddar nan.

Bari in ba ka labarin abin da na gani a garin nan satin da ya wuce, don ka gane abin da ya hana ni barci. Kowace shekara wajen 8 ga Disamba suna yin bikin fitilu, kwana huɗu. Ana haska manyan gine-gine da hotuna masu motsi, a rufe hanyoyin tsakiyar gari, baƙi su zo daga ƙasashe da yawa, otal-otal su cika, masu abinci su yi ciniki. Shekaruna shida a nan, na ɗauka wasa ne kawai na hukumar gari don jawo 'yan yawon buɗe ido. Sai bana tsohuwar da ke hawa na ƙasa da mu, wadda nake ɗaukar wa kaya in ta dawo cefane, ta roƙe ni in jera mata ƙananan kyandirori a bakin taga, don hannunta na rawa. Ita ta ba ni asalin abin. A 1852 aka yi niyyar kafa gunkin Nana Maryamu a kan dutsen Furbiyar ranar 8 ga Satumba, sai kogin Son ya yi ambaliya ya shiga wurin da ake ƙera shi, aka ɗaga zuwa 8 ga Disamba. Ranar ma hadari ya taso, aka fasa shagalin, da yamma gari ya washe, mutane da kansu suka kunna kyandir a tagoginsu don godiya. Ashe abin nasu na ibada ne. Har yau akwai masu hawa dutsen a ƙafa daren nan suna addu'a, kuma ana rubuta godiya ga Maryamu da manyan fitilu a can sama. Amma a dogon gininmu kaf, tagarta kaɗai na ga wuta. Jikokinta sun zo, sun sumbace ta, sun wuce cikin gari kallon hotuna. Ta ce mini ba wanda ya hana su, ba wanda ya yi musu dole, abin sulalewa ya yi a hankali.

Haka Kirsimeti take. A wurin aikinmu babu watan da ya kai wannan, kwali kan kwali, kayan wasan yara, turare, waya, takalma. Na tambayi wanda muke ɗaura kaya tare ko zai je coci daren 24, ya ce rabonsa da coci tun jana'izar kakansa. Amma ya riga ya ci bashi don kyaututtuka. Mutumin kirki ne, shi yake rage mini hanya in mun tashi da asuba, kuma yana son uwarsa kamar yadda muke son Inna. Taruwar dangi ita ce ta rage musu, ita suke riƙe da hannu biyu. Ƙasar tana da ranakun hutu 11 a shekara, 6 daga ciki asalinsu na addinin Kirista ne, duk da cewa tun 1905 suka raba gwamnati da coci. Hutun yana nan, sunan yana nan, amma ka tambayi matashi me ya sa ba a aiki ranar 15 ga Agusta, wadda ta tunawa da Nana Maryamu ce, da yawa sai dai su ce ai lokacin zuwa bakin teku ne. Ni ba zaginsu nake ba, addininsu ne, su suka san tsakaninsu da shi. Abin da ya tsorata ni, na ga hanyar da aka bi, kuma na gane ta. Tufafi da ci da hoto sukan fara tsayawa kusa da ibada, daga baya su gaje mata wuri.

Ka tuna Sallarmu muna yara? Baba ya tashe mu tun duhu, ya hana mu cin komai ranar Layya sai an sauko. Mu bi bayansa da buzu a kafaɗa, kabbara ta ko'ina. In an idar mu ruga ƙofar fada mu ga Sarki ya dawo, dogarai, kakaki, algaita, dawaki suna ta da ƙura. A unguwa kuma a soke raguna a itace, a jera su kewaye da wuta har dare, washegari Inna ta ɗora mana kwanoni mu kai gida-gida, ta fara da gidan makauniyar nan ta bayan masallaci kafin gidan Kawu. Wasa muna yi, sabon kaya muna sawa, ba wanda ya ce haramun ne. Sai dai kowa ya san abin da ke gaba da abin da ke biye.

Ni ma ba ni da bakin faɗa da yawa, na sani. Sallah ba ranar hutu ba ce a nan. Sau biyu ina wurin aiki aka yi Idi, ban nemi izini ba don ina tsoron a ga kamar na cika fitina. Yanka kuma ba a yi a gida, sai mayankar da hukuma ta yarda da ita, don haka nama nake saya kilo biyu wajen mahauci a unguwar Giyotiyar, mu dafa mu huɗu a ɗaki. Da na idar da cin sai in sa babbar rigata, in fita bakin kogi a ɗauke ni hoto in turo muku. Sani abin da ya gani a wurina ke nan: riga da hoto. Bai ga sauran ba, don ban nuna ba. Ranar da Baba ya rasu ba na nan, Sallah shida ban durƙusa gaban Inna na ce barka ba. Wannan yana ci na, Yaya.

Duk da haka ba zan ba da ko dala don daren 31 ba. Ka faɗa masa da bakinka, kada ka ce wai ban samu ba ne, ka ce na ƙi. Kuma kada Inna ta ba shi daga kuɗin maganinta, na san halinta da autanta. Ka riƙe kuɗin maganin a hannunka, ka sayo da kanka.

Jika 60 ɗin nan, ka je da Sani kasuwar Mirriya ku zaɓi ɗan rago, in bai isa ba ka cika, zan biya ka a watan gobe. A ɗaure shi a gidan Inna. Sani ne zai yi kiwonsa har Layya: dusa, harawa, ruwa, sharar turke, duka a wuyansa. Kuɗin dusa ni zan riƙa turowa. In ya kula da shi, shaddarsa tana kaina kamar kullum, amma a kai wa tela tun da saura wata guda. Ranar Idi kuma ka tashe shi da kanka ku tafi tare, shi zai riƙe maka ragon. Kada ka yi masa faɗa gaban yara, ya girma, kuma yaro ne mai jin magana in an bi shi ta ƙasa.

Aiki lafiya. Bayan ne yake ɗan damuna saboda tsayuwa, amma na samu man shafawa, kada ka faɗa wa Inna. Sanyi ya shigo, ina da riga mai kauri. Maganar takardu tana tafiya, sun ba ni rana a watan Maris. In Allah ya sa an dace, ina so Layya mai zuwa ta same ni a sahu ɗaya da ku.

Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Ka gaida Kawu da Gwaggo, da Hadiza da yara, da Malam Liman. In ka karɓi kuɗin ka yi mini saƙon murya, ka kuma ba ni amsar maganar Idin nan, ko da ba mai daɗi ba ce. Maganin Inna dai, a fara da shi.

Naka ƙane,
Habu