A Riƙa Faɗa Wa Mai Sayen Waya Ranar Da Kamfani Zai Daina Sabunta Ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi kusan kowane gida a birnin Kano, amma ba kasafai ake tattauna shi da Hausa ba, wato saƙon nan da yakan fito a fuskar waya yana cewa an fitar da sabuwar babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da wayar gaba ɗaya, a danna a sabunta. Mutanenmu sun kasu biyu a kan wannan saƙo. Akwai masu ture shi gefe duk lokacin da ya fito, domin sun ji an ce sabuntawa tana kashe waya. Akwai kuma waɗanda suke jiran saƙon ba ya zuwa, har su gaji su ɗauki wayar su nufi kasuwar Farm Centre ko titin Beirut, a ɗora musu sabuwar manhajar ko ta halin ƙaƙa. A ganina duka ɓangarorin biyu suna cutuwa, kuma tushen cutar ɗaya ne, shi ne ba a faɗa wa mai saye tsawon lokacin da kamfani zai ci gaba da kula da wayar da aka sayar masa.

Masu tsoron sabuntawa ba haka kawai suke tsoro ba. A watan Disamba na 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa ya sanya wani tsari a manhajarsa wanda yake rage saurin tsofaffin wayoyin iPhone da batirinsu ya yi sanyi, bisa hujjar cewa hakan yana hana su ɗaukewa ba zato ba tsammani. Hujjar tana da ma'ana ta fuskar fasaha, sai dai ba a sanar da masu wayoyin ba, don haka mutane da dama suka ɗauka wayarsu ce ta gama aiki, alhali canjin batir kawai take buƙata. A 2020 hukumomin Faransa suka ci kamfanin tarar yuro miliyan 25 a kan wannan rashin bayani, kuma a shekarar ce ya amince ya biya diyyar da za ta iya kai dala miliyan 500 ga masu ƙara a Amurka. Ko da babu wata ɓoyayyar manufa, ita sabuwar manhaja ana tsara ta ne da sababbin wayoyi a zuciya, masu injin da ya fi sauri da wurin ajiya mai yalwa. Idan aka ɗora ta a kan wayar da ƙwaƙwalwar aikinta giga 2 ce, ma'ajiyarta giga 32 kuma ta cika da bidiyon biki da karatuttukan malamai, dole a ga nauyi, a ga zafi, a ga caji yana zuba.

Kuskuren da masu tsoron suke yi shi ne haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai babbar sabuntawa, wadda take ɗaga waya daga Android 13 zuwa 14 misali, ta canza fasali da tsarin amfani, ita ce kuma mai iya yi wa tsohuwar waya nauyi. Akwai kuma facin tsaro, wanda yawanci ƙarami ne, ba ya canza komai da ido zai gani, aikinsa kawai toshe kafar da aka gano masu kutse za su iya bi. A 2015 an bankaɗo wata kafa da aka laƙaba wa suna Stagefright, wadda ta shafi wayoyin Android kimanin miliyan 950, kuma ta hanyarta ana iya shiga wayar mutum da saƙon bidiyo guda ɗaya. Bayan wannan ne Google ya fara fitar da facin tsaro duk wata. Wanda ya rantse ba zai taɓa danna sabuntawa ba, har da wannan facin yake ƙi, kuma da zarar an sanar da duniya cewa an toshe wata kafa, to an sanar da ɓarayi ke nan inda take a wayoyin da ba a toshe ba.

Da a ce waya tana nan a matsayinta na da, ta kira da ɗaukar hoto, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, waya ta zama aljihun mutane. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da na Singa da na Dawanau, da mai adaidaita sahu, da mai shayin bakin titi, da matar auren da take sayar da turaren wuta daga cikin gida, kowa ta waya yake karɓar kuɗinsa, kuma a cikinta lambobin sirrin banki suke shigowa. Saboda haka ina ba kowane mai karatu shawara ya shiga saitin wayarsa, ya buɗe sashen bayanin waya, ya duba ranar facin tsaro na ƙarshe. Idan ya tarar an yi shekara biyu ko uku rabon da ranar ta motsa, ya san cewa kamfanin ya riga ya sallame shi, ko da kuwa ba a aiko masa da takardar sallama ba.

Wannan ya kawo ni ga ɓangare na biyu, wato masu jiran saƙon da ba ya zuwa. Dalilin rashin zuwansa shi ne manhajar Android ba kai tsaye take fitowa daga Google zuwa hannun mai waya ba. Sai ta bi ta wurin masu ƙera injin wayar, irin su MediaTek da Qualcomm da Unisoc, su daidaita ta da kayansu, sannan kamfanin wayar ya ɗora mata nasa ado, kamar HiOS a Tecno, XOS a Infinix, ko One UI a Samsung, ya gwada ta a kan kowane samfuri. Kowane mataki kuɗi yake ci, kuma kamfanin da ribarsa a kan waya mai araha ba ta taka kara ta karya ba, ya fi son a sayi sabuwa a kan ya ci gaba da hidima da tsohuwa. Shi ya sa Google ya yi wa Pixel 8 alƙawarin shekara 7 na sabuntawa a 2023, Samsung ma ya yi wa Galaxy S24 irin wannan alƙawari a 2024, amma wayoyi masu sauƙin kuɗi, waɗanda su ne a hannun mafi yawanmu, sau da yawa babbar sabuntawa ɗaya ko biyu suke samu, wasu ma ko ɗaya ba sa gani.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cinikin wayoyin hannu na biyu da ake shigo da su daga waje, musamman iPhone. Matashi yakan tara kuɗi wata da watanni, ya je kasuwa ya duba gilashi babu tsagewa, ya duba lafiyar batir, ya gwada kyamara, ya biya, ba tare da kowa ya gaya masa cewa lissafin kulawar kamfani yana farawa ne daga shekarar da aka fitar da samfurin, ba daga ranar da shi ya saya ba. A jerin iOS, wato babbar manhajar iPhone, iPhone 6 ta tsaya a iOS 12, iPhone 6s da 7 sun tsaya a iOS 15, iPhone 8 da X sun tsaya a iOS 16, ita kuwa iOS 26 da aka fitar a watan Satumba na 2025 sai daga iPhone 11 zuwa sama take hawa. Gaskiya ne Apple yakan aika wa wasu daga cikin tsofaffin nan facin tsaro jefi-jefi, amma masu sauran manhajoji ba sa jira. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5.0 ba tun watan Oktoba na 2023, a 2025 kuma ya ɗaga sharaɗinsa zuwa iOS 15.1, abin da ya fitar da iPhone 5s da 6 da 6 Plus daga layi. Manhajojin bankuna ma haka suke ɗaga nasu sharaɗin lokaci zuwa lokaci. Wanda ya sayi irin wannan waya ana dab da rufe mata ƙofa, ba a yi masa ƙarya ba, amma an ɓoye masa abin da da ya sani da bai biya wannan farashi ba.

A nan ne ake komawa wurin masu filashin. Ba ina kushe masu gyaran waya ba ne, domin a cikinsu akwai matasan da ƙwarewarsu take ba da mamaki, kuma mayar wa waya manhajarta ta asali bayan ta rikice aiki ne halastacce mai amfani. Abin da nake jan hankali a kansa shi ne ɗora wa waya manhajar da ba kamfaninta ne ya fitar ba, don kawai lambar Android ɗin ta ƙaru. Kafin a yi haka sai an ɓalle makullin da yake tsare tushen wayar, wanda hakan yake goge duk abin da yake cikinta, kuma bayan an gama ana iya tarar da kyamara ko na'urar zanen yatsa ta daina aiki, ko sabis ya riƙa ɗaukewa. Wasu manhajojin banki suna ƙin buɗewa gaba ɗaya idan suka gane an taɓa tushen waya. Sannan shi fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet, galibi mai gyaran kansa bai san wanda ya haɗa shi ba, balle ya san abin da aka cusa a ciki. Akwai ma wata matsalar da ta zama ruwan dare a garin nan: mutane da yawa yaron shago ne ya buɗe musu asusun Google ranar da suka sayi waya, ba su taɓa sanin kalmar sirrinsa ba, sai ranar da aka goge wayar ta tashi tana neman wannan asusu, a lokacin ne ido yake raina fata.

Wanda saƙon sabuntawa ya zo masa daga kamfani ta cikin saitin waya, facin tsaro dai ya karɓa ba tare da jinkiri ba. Babbar sabuntawar ce take son shiri, domin komawa baya bayan an yi ta yana da wuya ƙwarai. Ya dakata mako ɗaya ko biyu ya ji yadda ta kasance ga masu irin wayarsa, ya tabbatar ya san kalmar sirrin asusunsa, ya adana hotuna da lambobi da hirarrakin WhatsApp a wani wuri, ya rage kaya a ma'ajiya, kuma kada ya fara sai cajinsa ya haura rabi, tunda mun san halin wutar lantarkinmu, kuma waya ta mutu ana tsakiyar aikin yana iya hana ta tashi. Fayil ɗin yakan kai giga da yawa, ga data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, don haka datar dare ta fi rufin asiri. Idan wayar ta yi zafi ko ta sha caji a kwana ɗaya ko biyun farko, kada a yi saurin yanke hukunci, domin tana sake jera kayanta ne. Idan kuwa abin ya ɗore, a fara zargin batir kafin a zargi manhaja.

Shi kuma wanda kamfani ya riga ya daina kula da wayarsa, ba zan ce ya je ya sayi sabuwa ba, domin kowa ya ga yadda farashi ya tashi tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023. Ya ci gaba da sabunta manhajojinsa ta Play Store, tunda daga Android 10 zuwa sama Google yana iya gyara wasu sassan tsaro kai tsaye ba sai ta hannun kamfanin waya ba. Ya kuma guji manhajojin da ake turawa hannu da hannu ta Xender, da jabun WhatsApp ɗin nan da matasa suke yayi, kuma idan da hali kada ya bar asusun da jarinsa yake ciki a kan wannan waya.

Duk wannan dabarun kare kai ne, nauyin gyara na gaskiya yana wuyan hukuma. Tarayyar Turai ta kafa doka da ta fara aiki ranar 20 ga Yuni, 2025, wadda ta tilasta wa kamfanoni su ci gaba da samar da sabuntawa aƙalla shekara 5 bayan sun daina sayar da samfuri, da kayan gyara na shekara 7. Ban ce lallai mu kwafi wannan gaba ɗaya ba, domin yana iya ƙara wa waya mai araha tsada. Abin da nake nema bai kai haka ba. Hukumar NAFDAC ba ta yarda a sayar da ko maganin ciwon kai ba tare da an rubuta ranar da zai daina aiki a jikin kwalinsa ba, to me zai hana a yi wa waya haka? Hukumar NCC ce take amincewa da kowane samfurin waya kafin a sayar da shi a Najeriya, don haka tana da ikon sanya sharaɗin cewa kamfani ya bayyana shekarar da zai daina aiko da facin tsaro, a buga a jikin kwali. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye kuma ta bibiyi wanda ya yi alƙawari ya saɓa.

Wayoyin hannu na biyu ba su da kwali, saboda haka nasu gyaran yana hannun shugabannin kasuwannin waya na Kano. Ina roƙonsu da su sa a riƙa rubuta wa mai saye a jikin rasit lambar manhajar da wayar take kai da kuma ko kamfaninta yana ci gaba da sabunta ta, domin bayyana aibin kaya ga mai saye abu ne da addininmu ya wajabta tun kafin a san waya. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta riƙa buga jerin wayoyin da aka daina sabuntawa, ko da sau biyu ne a shekara, ta kuma aika wakilinta ya tambayi hukumomin NCC da FCCPC matsayinsu a kan wannan buƙata.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
daga Tarauni, Kano.