Wane Bincike Ne Ya Ce Hausa Ce Ta Kayar da 'Ya'yanmu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan gidan rediyonku, na rubuto ne a kan abin da baƙonku ya faɗa a shirin daren Lahadi. Tun daga wannan dare maganar ta ƙi barin zuciyata, kuma dattawan da muka saurari shirin tare a ƙofar gidan mai unguwa sun ɗora mini nauyin rubuto muku, da yake ni ne na yi shekara 35 ina riƙe da alli a cikinsu.

Sau biyar na ƙirga yana cewa bincike ya nuna koyarwa da Hausa ce ta jawo wa yaran Arewa faɗuwa a jarrabawa, kuma ko sau ɗaya mai gabatarwa bai tsayar da shi ya tambaye shi wane bincike ba ne, wa ya gudanar da shi, a waɗanne makarantu, a wace shekara, kuma yara nawa aka gwada. Da mai hatsi ne ya zo kasuwar Gujungu ya ce geronsa ya fi na kowa kyau, da an ce ya kwance bakin buhu a gani. Amma da yake mai maganar Dakta ne, kuma yana sirka Hausarsa da Turanci, sai aka sakar masa fili ya yanke wa harshen miliyoyin mutane hukunci, a gidan rediyon da ba ya magana da kowane harshe sai wannan harshen. Wannan ne ya ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Lissafi kaɗai ya isa ya rushe rabin maganarsa. A ƙarshen watan Nuwamba na 2022, zamanin da Malam Adamu Adamu yake Ministan Ilimi, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa daga aji 1 zuwa aji 6 na firamare. A watan Nuwamba na 2025 kuma Minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan manufa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Shekara uku ke nan tsakani. Yaron da aka sa aji 1 bayan fitowar manufar yana da shekara 12 a gabansa kafin ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO, wato sai wajen 2035. To, ta yaya manufar da 'ya'yanta ba su ko gama firamare ba za ta kayar da ɗaliban da suka rubuta jarrabawar kammala sakandare bara da bana? Wannan tambaya ba ta buƙatar digiri, kuma na yi ta jiran mai gabatarwa ya yi ta har aka rufe shirin.

In kuwa baƙon naku yana nufin tsohuwar manufar ilimi ta 1977 ce, wadda ta ce a koyar da harshen gida a shekarun farko na firamare sannan a koma Turanci, to a nan ni ganau ne. Na fara koyarwa tun muna tsohuwar Jihar Kano, kafin a yanke mana Jigawa a 1991, na yi malamin aji, na yi hedimasta a makarantu uku na karkara, kuma ina shaida muku tsakanina da Allah cewa ban taɓa riƙe littafin lissafi ko na kimiyya na 'yan aji huɗu da aka rubuta da Hausa ba. Abin da muke yi a aji, wanda kowane malamin ƙauye ya sani, shi ne mu kwafe darasi a allo da Turanci daga littafi ɗaya tilo da ke hannun malami, mu juya mu yi bayani da Hausa domin kada yara su yi ta kallonmu, sannan ranar jarrabawa mu sake tambayarsu da Turanci. Yara su haddace jimlar suna rerawa, ba su san inda kalma ta fara da inda ta ƙare ba. Ba su samu Hausa a rubuce ba, ba su samu Turanci a baki ba. Wanda ya kira wannan hali koyarwa da harshen uwa bai taɓa zama a ajinmu daga safe zuwa tashi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai wata yarinya da na koyar a aji biyar, wadda take tallar awara da yamma a bakin tasha. Ko naira 500 ka ba ta ka sayi ta 130, kafin ka mayar da hannu aljihu ta miƙo maka canjinka daidai, kuma tana riƙe da bashin mutum bakwai ko takwas a ka ba tare da ta rikice ba. A jarrabawar zango na biyu ta ci sifiri a lissafi. Abin ya dame ni, sai na kira ta ofis na ɗauki takardar na karanta mata tambaya ta farko da Hausa, ta manomin da ya sayar da buhuna kaza ya rage kaza. Ban kai ƙarshen jimlar ba ta faɗi amsa. Na karanta ta biyu da ta uku, duk ta ba ni daidai. Da na tambaye ta me ya hana ta rubuta haka a ɗakin jarrabawa, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ban san abin da takardar take tambaya ba." A rajistar makaranta wannan yarinya daƙiƙiya ce, kuma mahaifinta ya ga sifirin ya ce boko ba rabonta ba ne, ya cire ta kafin ta shiga aji shida. Har yau in na gan ta da goyo a hanyar rijiya sai na ji nauyin abin a wuyana. Irin waɗannan sifirin ne ake tarawa a kai Abuja, a ce alƙaluma sun nuna Hausa ta cuci yara.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa shiga makarantar boko ba. A ajin Yaƙi da Jahilci ya koyi karatu yana magidanci, cikin 'yan watanni na rani, domin an koya masa da harshen da yake mafarki da shi. Da wannan karatun yake karanta wa mutanen unguwa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya tun 1939, da shi yake duba takardar haraji, da shi kuma ya san abin da jam'iyyun NEPU da NPC suke faɗa kafin ya jefa ƙuri'a. A yau ina da jikan da ya gama aji shida, na ba shi wasiƙar Hausa ya kasa karantawa, na ba shi ta Turanci ya kasa. Ku gaya mini, Malam Edita, tsakanin kakan da jikan wanne ne harshen uwa ya cuta?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bincike na gaskiya yana nan, kuma a ƙasar nan aka yi shi. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin shekara shida a wata firamare da ke Modakeke, kusa da Ile-Ife a ƙasar Yarbawa. Suka raba yara gida biyu: wasu aka koyar da su dukkan darussa da Yarbanci har aji shida, Turanci kuma ya zama darasi guda a hannun malamin da ya ƙware a kansa, wasu kuma aka bi da su ta hanyar da aka saba, a fara da Yarbanci a koma Turanci a tsakiya. Suka zauna suka rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarbanci, suka ƙirƙiro kalmomin da babu, suka horar da malamai, daga baya suka faɗaɗa gwajin zuwa makarantun ƙauye, kuma suka bi sawun yaran shekara da shekaru. Sakamakon ya nuna waɗanda aka koyar da harshensu sun fi fahimtar darussa, kuma Turancinsu bai gaza na sauran ba. Wannan shi ake kira bincike, domin yana da suna, yana da wuri, yana da shekara, kuma wanda ya yi shakka yana iya zuwa ya duba. Mutumin da ya jagorance shi har Ministan Ilimi ya zama a 1990. Tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara wa yaro karatu da harshensa. Tanzaniya ta mayar da Swahili harshen firamare tun zamanin Nyerere, Habasha kuma tun 1994 ta ba yankunanta damar koyarwa da harsunansu har aji takwas. Ko ɗaya daga cikin waɗannan baƙonku bai ambata ba, ko da domin ya soke su ne.

Abin da ya ambata shi ne zanga-zangar ɗaliban Soweto da ke Afirka ta Kudu, a matsayin hujjar cewa da Turanci ya kamata a koyar, kuma ya juya labarin. Gaskiya ne ɗaliban da suka fito zanga-zanga a ranar 16 ga Yuni, 1976 sun fi son Turanci a kan Afirkans, harshen Turawan da ke riƙe da mulkin ƙasar a lokacin. Amma abin da ya fito da su titi har 'yan sanda suka buɗe musu wuta shi ne gwamnatin wariyar launin fata ta zauna a ofis ta yanke cewa da Afirkans za a koya musu lissafi da wasu darussa, alhali su ba su iya shi ba, malamansu da yawa ma ba su ƙware a kansa ba, kuma ba a shawarci iyaye ba. Domin tunawa da su ake bikin Ranar Yaran Afirka duk shekara a wannan rana. Wanda ya karanta tarihin nan da idon basira zai ga ya fi kama da halin yarinyar nan mai awara fiye da yadda yake goyon bayan Dakta.

Kada a fahimce ni a karkace. Ina son jikokina su iya Turanci, domin da shi za su rubuta JAMB, da shi za su nemi aiki, da shi ake rubuta takardar asibiti da ta kotu. Abin da shekara 35 suka koya mini shi ne yaron da ya iya karanta Hausa a aji biyu yakan kama Turanci da sauri, domin ya riga ya gane cewa harafi sauti ne, kalma kuma ma'ana ce. Wanda aka fara masa da harshen da ba ya ji a gida ko a kasuwa ko a masallaci, aiki biyu aka ɗora masa lokaci guda, ga shi a aji mai yara fiye da 100, a ƙasa suke zaune, malami ɗaya, rufin kuma yana yoyo da damina.

Mu ne ake bincika, shi ya sa kalmar take mini zafi. Sau biyu ina hedimasta baƙi suka zo da farar mota da na'urori a hannu, suka ware yara ɗaya bayan ɗaya a gindin darbejiya, suka ba su takarda su karanta ana duba agogo. Muka shimfiɗa musu tabarma, muka kawo fura, na bar aikina na yini ina yi musu tafinta. Da za su tafi na roƙe su su aiko mana da abin da suka gano domin mu san inda za mu gyara, suka yi alkawari, kuma har na yi ritaya ko takarda ɗaya ban gani ba. Sai ga shi a rediyo ina jin ana ba da labarinmu da sunan bincike, ba a ce ga inda aka samo shi ba.

Saboda haka ina roƙonku ku dawo da baƙon nan, ku ce ya zo da takardar binciken a hannunsa ya karanta mana sunan waɗanda suka yi shi. Ku zaunar da shi da masanan harsuna na Jami'ar Bayero ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ku haɗa da malamin aji ɗaya daga ƙauye, mace ko namiji, wanda har yanzu yake shiga aji. Ku kuma koya wa masu gabatar da shirye-shiryenku cewa tambayar malami hujjarsa ba rashin ladabi ba ne, domin ko a zauren karatu ɗalibi yakan ce a nuna masa a littafi.

Sannan akwai maganar layin wayarku. A daren nan na kira ya fi sau 20 har kuɗin wayata suka kusa ƙarewa, amma duk waɗanda aka ɗauka daga cikin birni suke, kuma minti goma kacal kuka ware wa masu sauraro bayan tallar maganin gargajiya ta cinye kusan kwata na shirin. Mu a nan sai mun hau tudun bayan makaranta muke samun sabis mai kyau, kuma tsoho kamata ba ya iya tsayuwa a can cikin duhu har a rufe shiri. Ku buɗe layi guda na mutanen karkara, ko ku riƙa karanta saƙonnin da muka turo tun da rana.

Wassalam.

Naku mai sauraro a kullum,
Tsohon hedimasta,
daga karkarar Taura, Jihar Jigawa.